Idan Kai Ya Cika: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tarin Tunani da Rashin Natsuwa

A Kaduna in ka tambayi mutum ya yake, "lafiya lau" zai ce maka. Sai kun ɗan jima a kan benci ɗaya sannan maganar ta fito: kaina ya ɗau zafi, abin duniya ya ishe ni, jikina ya kwanta amma zuciyata ta ƙi. Na ji wannan daga bakin mai keke a Kawo, na ji daga malamar firamare a Unguwar Rimi, ni ma na yi kusan shekara guda ina fama da shi. Tambayoyin nan su ne aka fi yi mini tun da na fara buɗe baki a kan lamarin, kuma na bar su kusan yadda masu su suka faɗa.

Babu wani babban abu da ya same ni. Me ya sa kaina ke cika haka?

Galibi ba babban abu ne ke cika kai ba, ƙananan da ba a kammala ba ne. Ƙidaya na yau kawai. Gas ya kusa ƙarewa. An ce a kawo kuɗin jarrabawa kafin Juma'a. Akwai ta'aziyya a Rigasa da har an yi sadakar bakwai ba ka leƙa ba. Tela bai gama ankon bikin Asabar ba. Mai kanti yana binka, kai ma kana bin wani. Ga saƙon da ka karanta ka ce za ka amsa anjima, anjimar ta zama kwana uku. Kowanne shi kaɗai bai kai ya hana barci ba, amma in dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Ƙwaƙwalwa na iya adana abubuwa masu ɗimbin yawa na shekaru, sai dai abin da take iya riƙewa a gabanta lokaci guda kaɗan ne ƙwarai. A 1956 wani masani Ba'amurke, George Miller, ya ƙiyasta shi da kusan bakwai, waɗanda suka biyo bayansa kuma suka ce ya fi kusa da huɗu. Tun a 1927 wata masaniya, Bluma Zeigarnik, ta lura cewa aikin da aka katse a tsakiya ya fi wanda aka gama maƙalewa a zuciya. Mu a nan da gajeriyar magana muka san shi: alkawari kaya ne. Duk abin da ka ce wa kanka "zan yi" ka ɗora shi a ka, kuma zuciya za ta yi ta taɓa ka tana tuna maka, don tana tsoron kada ya faɗi. Tana yin haka a cikin salla, tana yi da ƙarfe biyun dare, domin ba ta san lokacin da ya dace ba.

To a daren nan, me zan yi?

Sauke kayan. Dubi ɗan kasuwa mai hankali a Kasuwar Barci ko kasuwar Shaikh Abubakar Gumi: ba ya ajiye bashin mutane a kansa, littafi gare shi. Ba don ba shi da kaifin tunani ba, sai don ya san kai na ciniki ne, littafi na ajiya.

Samo ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan makaranta da biro. Bayan isha'i, kafin ka kwanta, rubuta duk abin da ke yawo a kanka, kowanne a layinsa, ba tsari, ba kunya. Har da "ban kira Hajiya ba", har da "maganar da wane ya faɗa mini ta tsaya mini a rai". Ranar da na fara yi na zaci za su cika littafin. Da na ƙidaya, ashirin da 'yan kai ne, kuma biyar daga ciki abu ɗaya ne da ke canza riga yana dawowa. Ganin iyakarsu kaɗai ya rage mini nauyi, domin abin da ke cikin duhu ya fi girma a ido.

Sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: wannan a hannuna yake? Wanda ke hannunka, rubuta a gefensa mataki na gaba, ƙarami, wanda ƙafa ko baki zai iya yi. Kada ka rubuta "matsalar haya". Rubuta "in kira mai gida gobe bayan azahar in nemi ya ƙara mini mako biyu". Na farko damuwa ce, na biyu aiki ne. Wanda yake jiran wani mutum ko wata rana, sa masa ranar ka bar shi a can. Wanda ba a hannunka yake ba sam, kamar farashin shinkafa ko halin surukarka, ja masa layi, ka san wannan na addu'a ne.

Daga na hannunka zaɓi uku kacal na gobe. Uku. Ba a tauna taura biyu, balle goma. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba ya naɗi muryarsa a waya ko ya lissafa wa wanda ya amince da shi. Abin nema dai su fita daga kai su zauna a wani wuri da zuciya ta yarda ba za su ɓata ba.

Wani lokaci gabana na faɗuwa haka kawai, zuciyata na dukan uku-uku, numfashina ya yi sama. Rubutu ba zai yi mini komai a lokacin ba.

Gaskiya ne, a wannan hali jiki ake fara lallashi. Idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, ko da a cikin tunani ne, jiki na sakin sinadarin da ake kira adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarta, tafin hannu ya yi gumi. Shiri ne na gudu ko faɗa, kuma jiki bai bambanta kare da ya biyo ka da saƙon mai bin ka bashi ba.

Abin da ke hannunka shi ne numfashi. Zauna, ka ja iska ta hanci kana ƙirga huɗu, ka bar cikinka ya ɗago, sannan ka sake ta a hankali kana ƙirga shida ko fiye. Sirrin yana wajen fitarwa: duk lokacin da fitar da iska ta fi shaƙarta tsawo, bugun zuciya na lafawa. Yi sau goma. In akwai ruwa mai sanyi yi alwala ko ka wanke fuska. Irin wannan firgici yakan kai ƙololuwarsa cikin kusan minti goma sannan ya fara sauka da kansa.

Amma in ciwon ƙirji ne mai danna, yana tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, ko kana da hawan jini ko ciwon suga, kada ka tsaya ƙirga numfashi. Asibiti kai tsaye.

Malam, wannan ba rashin tawakkali ba ne? An ce mini mai imani ba ya damuwa.

Wannan maganar ta cutar da bayin Allah da yawa, kuma ina so in tsaya a kanta. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, Alƙur'ani da kansa ya faɗa a Suratu Yusuf. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekarar baƙin ciki ake kiranta a tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya koyar da addu'ar neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, kuma ba a koya wa mutum neman tsari daga abin da ba ya samun muminai. Don haka wanda ya ce maka damuwarka alamar raunin imani ce ya ƙara maka kaya ne a kan kaya: ga damuwa, ga jin laifin yin damuwa.

Ambaton Allah yana natsar da zukata, aya ta 28 a Suratur Ra'ad ta faɗa. Na yarda da haka ɗari bisa ɗari. Sai dai mu duba yadda muke yi. Da yawanmu ana sallame salla hannu ya riga ya shiga aljihu neman waya. Carbi na gudu a yatsu, zuciya na can tana lissafin kuɗin cefane. Gwada ka zauna minti biyar bayan asuba ko magariba, ka yi tasbihin a hankali, kana jin kowace kalma a bakinka. Zuciya za ta zille, tabbas. Dawo da ita ba tare da faɗa ba, ta sake zillewa ka sake dawo da ita. Wannan dawowar ita ce aikin. Maƙwabtanmu Kiristoci a Sabon Tasha da Barnawa su ma suna da nasu a Matiyu 6:34, inda aka ce kada a damu don gobe, wahalar yau ta ishi yau.

Tawakkali kuma bai hana ɗaure raƙumi. Littafin rubutu, barci a kan lokaci, zuwa wurin likita, duk igiyar raƙumin ce.

Waya fa? Na san tana cinye ni, amma ina tsoron wani abu ya faru ban sani ba.

Wannan tsoron ba na banza ba ne a garin nan. Wanda ya ga abin da ya faru da jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022, ko yake da ɗan'uwa mai bin hanyar Birnin Gwari, ba za a ce masa ya daina bibiyar labari ba. Sai dai sanin labari daban, wanka da shi daban. Hoton nan guda za a turo maka a rukunin WhatsApp na dangi, na tsofaffin ɗalibai, na unguwa, na wurin aiki, kowane gani jikinka ya sake firgita kamar sabon abu ne ya faru. Wani ma tsohon bidiyo ne na shekarun baya, ko na wata ƙasa.

Ka ware wa labari lokaci biyu, safe da yamma, daga kafar da ka yarda da ita. Iyayenmu da rediyo suka rayu, ana gama labarai a kashe, kowa ya kama harkarsa. Kashe ƙarar rukunoni, ka bar kira a buɗe: in abu na gaggawa ne ya shafe ka, kiranka za a yi. Da dare kuma ka sa wayar caji nesa da shimfiɗa.

Ku maza kuna da majalisa. Ni ɗaki ɗaya ne da yara biyar, daga asuba har dare ba na zama. Ina zan samu natsuwa?

Kin faɗi gaskiya, 'yar'uwa, kuma nauyin da ke kanki bai tsaya a wanki da girki ba. Ke ce ke riƙe da lissafin gidan duka: wa takalminsa ya tsinke, wa ke da allurar rigakafi, me za a ci da dare, yaushe ruwan famfo zai zo. Wannan aiki ba a ganinsa, shi ya sa ba a gode masa.

Ba zan ce ki nemi awa guda ba, na san babu. Nemi minti goma da suke naki, a lokaci guda kullum, misali bayan yara sun fita Islamiyya. Kada ki ɗauki tsintsiya a cikinsu, kada ki ɗauki waya. Zauna da kofin ruwa ko kunu, ko ki tsaya a tsakar gida ki kalli sama. Na biyu, ki raba lissafin, ba aikin kawai ba. Yaro ɗan shekara goma zai iya zama mai tuna kayan makarantarsa da kansa. Maigida kuma a faɗa masa abu ɗaya bayyananne, "daga yau maganar kuɗin makaranta da zuwa wurin malamai taka ce", ya fi "ka riƙa taimaka mini".

In kuma jego kike yi, kika ga kuka na zuwa miki ba dalili, ba kya jin daɗin jaririn, abin ya wuce mako biyu, ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya ranar da kika kai shi rigakafi. Ciwo ne sananne da ke kama masu jego, yana da magani, kuma bai sa ki zama muguwar uwa ba.

Dangi sun yi mini yawa. Kowa ni yake kira. Ta yaya zan ce a'a ba tare da na yanke zumunci ba?

Abin da ya fi gajiyar da kai ba bayarwar ba ce, "to, zan duba" ce. Kana faɗinta ka buɗe sabon bashi a kanka, shi yana jira, kai kana guje wa kiransa, ƙarshe a ɓata fiye da in ka ce babu tun farko. Ka yanke tun farkon wata abin da za ka iya fitarwa don dangi, in ya ƙare ya ƙare. Sannan ka faɗi gaskiya cikin ladabi: "Kawu, wallahi wannan watan ba hali. Ga dubu biyu ka yi kuɗin mota, kada ka jira sauran." Zai ji ba daɗi na yini ɗaya, amma kun rabu ba igiya a wuyan kowa. Zumunci ai a ƙafa yake, ziyara da gaisuwa ma suna cikinsa.

Barci ya ƙaurace mini. Ina kwanciya saƙe-saƙe ke farawa.

Baligi na buƙatar aƙalla awa bakwai, kuma ƙwaƙwalwar da ba ta samu barci ba ƙaramin abu take gani kamar dutse. Fara da duba abin da kake sha. Shayi, Nescafe, goro da lemukan ƙara kuzari duk suna da sinadarin kafeyin, wanda rabinsa ke nan a jini bayan kusan awa biyar. Wanda ya zauna teburin mai shayi da ƙarfe tara ya sha mai kauri, da ƙarfe biyu rabin abin na aiki a jikinsa. Mayar da shayinka na ƙarshe kafin la'asar na mako biyu ka gani.

Ka tsayar da lokacin tashi, ko daren ya yi kyau ko bai yi ba. Ƙailula tana da amfani, amma kada ta wuce rabin awa. In ka yi kusan minti ashirin kana juyi, tashi ka zauna a wuri mai ƙarancin haske, ka yi zikiri ko karatu mai sauƙi, sai barci ya zo ka koma. A bazara, watan Maris da Afrilu, in ba wuta, watsa ruwa kafin kwanciya na taimakawa sosai.

Duk wannan surutu ne. Matsalata kuɗi ce.

Ban musa ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuɗin mota daga Kakuri zuwa cikin gari ya zama abin da ake zama a yi wa lissafi, kuma babu numfashin da zai biya haya. Abin da nake roƙonka shi ne ka raba lissafi da saƙar zuci. Lissafi ana yinsa sau ɗaya, da rana, da biro: nawa ke shigowa, nawa ake bina, wa zan fara biya, wa zan je in roƙa ya ɗaga mini ƙafa. Saƙar zuci ita ce maimaita wannan lissafi sau hamsin cikin dare ba tare da ko sisi ta ƙaru ba. Na farko na iya buɗe hanya. Na biyu ƙarfin da za ka fita nema da shi gobe yake ci.

Motsa jiki na taimakawa da gaske?

Ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Ba dole sai ka je filin Murtala da sassafe ko ka shiga Gamji bakin kogi ba, ko da yake duk wanda ke kusa ya je. Sauka daga keke kafin ka iso, ka ƙarasa da ƙafa, wayar na aljihu.

Wani abokina ya ba ni ƙwaya, ya ce tana kwantar da hankali. In sha?

A'a. Maganin barci irin su diazepam jiki na sabawa da su cikin 'yan makonni, daga nan ba barci sai da su, daina su lokaci guda kuma haɗari ne. Tramadol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da shi a 2018, mun ga yadda suka yi da matasa da matan aure a unguwanninmu. Da yawansu ba nishaɗi suka je nema ba, hutun kai suka nema. In ka riga ka fara kuma ka kasa bari, je wurin likita a rage maka a hankali.

Yaushe abin ya wuce dabarun gida?

In ka yi mako biyu ko fiye kusan kullum zuciyarka a ƙuntace, abin da kake so da ya daina burge ka, abinci ko barci ya rikice, aiki ya gagara, to wannan ya shiga hurumin likita. Haka in fargabar ta hana ka fita ko shiga mutane. Fara da asibitin da ke kusa da kai, domin ƙarancin jini da matsalar ƙullin wuya da ke kawo maƙoƙo na iya sa bugun zuciya da rashin natsuwa, gwajin jini ne zai nuna.

Muna da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa, kuma na san abin da sunan Barnawa ke kawowa a zukatan mutane. Mu cire wannan. Akwai malamai, 'yan kasuwa da iyaye mata da ke zuwa ganin likita da safe su koma gida da rana, kamar mai hawan jini. Ba kowa ake ba magani ba ma, wani zama ake yi da shi ana tattaunawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba a duniya. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta kuma tanadi kare mutuncin mara lafiya. Ruƙiyya da addu'a ba su hana asibiti, a haɗa su.

Ƙanena yana yawan cewa ya gaji da rayuwa, gara ya mutu ya huta. Me zan yi?

Kada ka ɗauke ta wasa, kada kuma ka fara da wa'azin wuta, ya riga ya sani, kuma zai sa ya rufe bakinsa. Ja shi gefe inda ba kowa, ka tambaye shi kai tsaye: "Kana tunanin kashe kanka ne?" Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa sauƙi take kawo masa don an ji shi. Saurara ba tare da katse shi ba. In ya ce eh, kada a bar shi shi kaɗai. A ɗauke maganin ƙwari, fiya-fiya, tarin ƙwayoyi da igiya daga inda yake. Ka sanar da babba ɗaya a gida wanda ya iya riƙe sirri, ba dangi duka ba. Sannan ka kai shi Barnawa ko sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a ranar, kai da kanka, ka zauna da shi har ya ga likita.